Teburin Mutum Biyar

Abu guda Raliatou take so daga wannan tafiya, kuma ba kallon teku ba ne. So take ta ga mahaifiyarta da mijinta zaune a tebur ɗaya, kowa da cokali a hannu, suna cin abinci kamar sauran bayin Allah. Shekara goma sha ɗaya da aurenta, ba ta taɓa ganin haka ba ko sau ɗaya.

Duk lokacin da Hajiya Batula ta rufe kantinta na atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris ta hawo jirgin ƙasa zuwa Lyon ganin jikoki, wasan iri ɗaya ne. Rachidou, mijin Raliatou, mutumin da ke tsayawa gaban manyan malaman jami'a yana bayani a kan sinadarai muryarsa ko rawa ba ta yi, sai ya durƙusa a bakin ƙofar falo, idonsa a kan darduma, ya jero gaisuwa. Hajiya ta ja mayafi ta juya fuska ta amsa, ka ce bango ne ya gaishe ta. Daga nan sai aiki ya taso masa a ɗakin bincike, ko da kuwa ranar Lahadi ce. Abincinsa a mota yake ci. Hajiya kuwa, ko dabino ne a bakinta, da ta ji motsin makullinsa sai ta mayar da shi tafin hannu. Surukuta ke nan irin ta mutanen Damagaram, an ɗauko ta cikin akwati an hawo da ita bene na shida a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, gidan da ko kyanwa ba ta da wurin ɓuya. Su biyun suna shan yabo a wurin jama'a, ana cewa sun san mutunci. Wahalar kuwa Raliatou ke sha. Ta dawo daga asibitin da take aikin jinya ƙafafu a kumbure, ta raba abinci kashi biyu, ta kai tire nan, ta ajiye tire can, ita kuma ta ci nata a tsaye a ɗakin girki.

Ita kanta ba ta tsira daga kunyar Hajiya ba, domin ita ce ƴar fari. Tun da aka haife ta Hajiya ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ko dai "ke", ko "yarinyar nan", in kuma a gaban baƙi ne, "yayar Salim". Ana yaye ta aka miƙa wa kakarta a Damagaram, sai da ta yi wayo aka kawo ta wurin iyayenta a Stains, gefen Paris, ta tarar da ƙanenta Salim ɗare-ɗare a kan cinya yana kiran "Maman". Ita har yau Hajiya take cewa. Wannan ta daɗe da haɗiye shi, ko kuwa haka take gaya wa kanta.

Da sanyin bara ya ci gwiwoyin Hajiya, sai ta sanar cewa ta gaji, ƙarshen shekara za ta bar wa Salim kanti ta koma gida gaba ɗaya. A makon ne wata abokiyar aikin Raliatou ta dawo daga hutu tana zuba labarin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa: benaye a kan teku, gari sabo kowace safiya, kuma kowane iyali da teburinsu, da yamma a nan za su zauna har a gama tafiyar. Sauran labarin duk ya bi iska, maganar tebur ce ta tsaya wa Raliatou a rai. A tsakiyar teku babu ɗakin bincike, babu motar da za a ɓuya a ci burodi. Ta ce wa ranta, to, an zo wurin.

Ta shawo kan kowa da cewa kyautar ban kwana ce ga Hajiya. Jirgin zai tashi daga Marseille lokacin hutun makaranta, ya bi ta Barcelona da Palma da Genova ya dawo. Wata Lahadi bayan la'asar ta buɗe na'ura don kama wuri, tana zaton aikin rabin sa'a ne. Ashe mutanen jirgin nan ba sa barin mutum ya wuce taki guda sai sun tare shi da tambaya: ko wannan ko wancan.

Tambayar farko ɗaki. Akwai babba na iyali wanda zai ɗauke su su biyar, shi ya fi sauƙi. Rachidou na tsaye a bayanta da kofin shayi, saura kaɗan ya ƙone kansa.

"Ɗaki guda? Da Hajiya? In yi minshari tana ji?"

Ta yi dariya ta bar masa wannan, ta zaɓi ɗaki biyu, Hajiya da jikarta Aya a ɗaya, su da ƙaramin, Mika'ilu, a ɗayan. Sai aka tambaye ta ko tana son masu ƙofa a tsakani. Ta kira Salim, shi ya saba kai saƙo tsakanin Paris da Lyon, ya tambaya ya dawo da amsa: Hajiya ta ce ba ta son ƙofa, ba ta son bango ɗaya ma, a sa ta wani hawa daban. Ta bar mata wannan. Ɗakin ciki marar taga ko mai baranda? Hajiya ta ce ba ta kwana a cikin akwati, sai ta ga fitowar alfijir da idonta, agogon wayar talho ba ya kiran salla. Mai baranda ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma Raliatou ta danne zuciyarta ta zaɓa mata shi, su suka ɗauki akwatin. Abin sha, ta tsallake duk jerin giya ta ɗauki na lemo da ruwa. Nama ba a san yankansa ba, ta rubuta kifi da ganye. Akwai wata hanyar da ta fi burge ta, mai biyawa ta garuruwan da fasfon Nijar na Hajiya zai buƙaci biza, ta haƙura da ita. Duk abin da aka nema ta bayar, ba ta yi gardama ba, saboda tana jiran tambayar ƙarshe.

Da ta zo, guda biyu ce a haɗe: cin abincin yamma zango na farko ko na biyu, kuma tebur na mutum nawa. Ta zaɓi zango na farko, ta rubuta biyar. Ta juya ta dubi Rachidou ta gaya masa da baki, ta kira Salim ta ce ya gaya wa Hajiya. Rachidou ya sosa ƙeya ya ce Allah ya kai mu. Daga Paris ba a ce komai ba. Raliatou ta ɗauki shirun a matsayin yarda, har ta sayi sabon mayafi na zaman tebur.

Ana saura ƴan makonni a tashi, wata Laraba Rachidou ya shigo da fara'a, har da gasasshiyar kaza a leda. Ya jira yara suka shige ɗakinsu, ya zauna ya miƙe ƙafa kamar wanda ya gama gina masallaci shi kaɗai.

"Na warware matsalar nan," in ji shi.

"Wace matsala?"

"Ta tebur mana. Na kira mutanen bato, masu jirgin ruwan nan, sun gyara. Ke da Hajiya da Aya kuna premier service, zango na farko, ni da Mika'ilu mu shiga na biyu. In kin gama da su sai ki dawo ki zauna da mu, ko shayi ne ki sha. Voilà, kowa ya huta."

Raliatou ta ajiye wuƙar da take shirin yanka kazar da ita.

"Wa ya ce maka matsala ce?"

"Hajiya ta aiko Salim. Ta ce a tambayi mutanen Lyon ko akwai dabara. Na ce a gaya mata akwai. Ta ce a ce ta gode."

Ka ji fa. Mutum biyu da ba su taɓa haɗa jimla uku ba in ban da gaisuwa, mutum biyu da in sun haɗu a lungun bayi kowa sai ya ja da baya har ya buge bango, su ne suka daidaita cikin yini guda. Ba musu, ba jayayya. Ashe suna iya fahimtar juna sarai in dai a kanta ne. Kuma dabarar da suka fito da ita, dubi kyawunta: ita za ta zauna nan, ta tashi ta zauna can. Tiren nan dai nata ne, an canja masa wuri kawai an kai shi tsakiyar teku.

"Wato in ci abinci sau biyu," in ji ta. "In yi rabin ɗiya a zango na farko, in yi rabin mata a na biyu."

"Rali, ki fahimce ni. In na ɗaga cokali a gabanta, wallahi abincin ba ya wuce maƙoshina. Ba raini ba ne, girmamawa ce."

"Girmamawarku a kan ƙafafuna take tsaye, Rachidou. Na ba ku ɗaki biyu, na ba ku hawa biyu, na shiga akwati marar taga don ta ga alfijir. Abu guda na roƙa. Guda. Ka tambaye ni kafin ka kira su?"

"Na ɗauka za ki ji daɗi."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, da gaske yake. Fuskarsa ta mutumin da ya kawo kyauta aka watsa masa ruwa ce. Ta tattara kazar ta jefa cikin firiji da ledarta, ta ce ya ci ta a mota tunda can ya saba.

Ranar Asabar ba ta da aiki. Ta bar masa yara, ta nufi tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu ta hau jirgin Paris ba tare da ta sanar da kowa ba. Duk tsawon hanya tana shirya magana tana warwarewa. Kafin azahar ta fito daga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Château Rouge, ta kutsa tsakanin masu tallar gasasshiyar masara da mata masu jan kekunan cefane, ta wuce mahaucin da ke kiran kowace mace ƙanwarsa, ta tsaya a ƙofar kantin.

Kantin Hajiya Batula siriri ne, atamfa da shadda jere har rufi, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Hajiya na zaune a kan doguwar kujerarta, ƙafa ɗaya a kan kwali saboda gwiwa, tana auna wa wata mata shadda. Salim na ganin fuskar yayarsa ya tuna ya ajiye mota a wurin da ba a ajiyewa, ya fice. Namiji ke nan.

Raliatou ta rusuna ta gaishe ta, domin fushi bai hana gaisuwa. Aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka tambayi Aya da Mika'ilu kowa da sunansa, har da tarin da Mika'ilu ya yi watan jiya. Aka tambayi "mutanen gida". Mai shadda ta ɗauki kayanta ta tafi.

"Ke, lahiya kika taho babu ko talho?" in ji Hajiya.

"Maganar tebur ce ta kawo ni."

Hajiya ta jawo wata atamfa da ba ta buƙatar ninki ta shiga ninkewa.

"Ai an gyara."

"An ɓata dai. Ni na shirya tahiyar nan, Hajiya. Ni na san dan mi na shirya ta. Ƙarshen shekara kina komawa Damagaram. In kin tahi, mi zan tuna? Bayanki a falo, da ƙeyar mijina a bakin ƙofa? Aya ta tambaye ni ko kakarta da babanta faɗa suke. Ɗiya ƴar shekara tara, na rasa abin da zan ce mata."

"Ki ce mata kunya ce. In ta girma ta gane."

"Ni na girma, ban gane ba."

Hajiya ta ɗago ta dube ta, abin da ba ta cika yi ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Mutumin nan bai taɓa ganin haƙorina cikin nama ba. Shi ya sa in na aika yake miƙewa tsaye ya ji saƙon. Ranar da muka haɗa tebur, shi ya zama Salim, ni na zama tsohuwa mai tauna da gefe guda. Ubanku ya rasu bai bar gona ba, bai bar gida ba. Mi gare ni da zan ba mutumin da ya riƙe ki da mutunci? Kunyata ce na ba shi. Ita ke gare ni."

Maganar ta shiga, Raliatou ta ji shigarta, kuma hakan ya ƙara tunzura ta. Kullum haka ne, Hajiya na da amsa mai kyau, mai nauyi, wadda in ka ja da ita sai ka zama marar tarbiyya. An yi shekaru ana rufe mata baki da kyawawan amsoshi.

"To ni fa? Mi kika ba ni?"

"Ke ma ita na ba ki. Taki ta fi tashi yawa."

"Na gode. Ta yi mini yawa. Kin kira Aya, kin kira Mika'ilu, kin kira Salim, mahaucin can ma na ji kina kiran sunansa. Ni kaɗai ce 'ke'. A asibiti tsohuwar da ba ta gane ɗiyanta ma tana kiran sunana in tana son ruwa."

Hajiya ta mayar da ido kan atamfa. A waje wani yana rantsuwa da Faransanci a kan farashin kifi.

Raliatou ba ta shirya abin da ya fito daga bakinta bayan haka ba. Duk maganar da ta tsara a jirgin ƙasa babu shi a ciki.

"Mutanen bato sun koya mini abu guda: ko wannan ko wancan. Na zaɓa na zaɓa har na gaji, yau ke za ki zaɓa. Ko mu zauna tebur guda mu biyar, ko ki kira sunana. Nan, yanzu, sau guda. In kin kira, ki ci abincinki a zangon da kike so, a hawan da kike so, ni in yi ta zirga-zirga tsakaninku har mu dawo Marseille, ba za ki ƙara jin bakina ba."

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Ba tebur take so ba. Ko kuwa tana sonsa, amma ba kamar wannan ba. Ta buɗe wa Hajiya ƙofa mai sauƙi, kalma ɗaya, babu kowa a kantin sai su biyu da atamfofi, babu wanda zai ji balle ya kai labari Damagaram. Ta tabbata ita Hajiya za ta bi. Ta tsaya kamar yarinyar da aka sauke a Stains da ƙaramin akwati, tana jira a kira ta.

Hajiya ta ajiye atamfar. Ta gyara ƙafarta a kan kwali. Leɓunanta suka motsa, Raliatou ta gani da idonta, suka buɗe kaɗan, suka tsaya.

"A haɗa teburin," in ji Hajiya.

Raliatou ta zuba mata ido. Hajiya ta ci gaba:

"Ki ce masu su sa ni a gefen da ba zan fuskance shi ba. Aya ta zauna tsakani." Ta ja mayafinta gaba. "Kin ci abinci? Akwai dambu a kwano."

"Na ƙoshi."

Ta yi sallama yadda ya kamata, ta rusuna, ta karɓi saƙon gaisuwa ga yara da mutanen gida. A bakin ƙofa ta ci karo da Salim yana leƙe, ya tambaye ta ƙaƙa aka ƙare. Ta ce ya tambayi mamansa.

A jirgin komawa Lyon ta kira mutanen jirgin ruwa, ta jira waƙarsu ta ƙare, ta ce a mayar da su zango na farko, tebur na mutum biyar. Matar ta gyara, ta yi mata fatan hutu mai daɗi. Sannan ta kira Rachidou.

"An gama. Mu biyar."

Ta ji yana haɗiye yawu tun daga yanzu.

"Hajiya ta yarda? Ƙaƙa kika yi?"

"Na nuna mata abin da ya fi teburin wuya."

Ta kashe talho kafin ya sake tambaya. Ta samu abin da ta zo nema. Hajiya Batula za ta zauna gaban surukinta ta tauna kifi da gefe guda kowace yamma, ta zubar da abin da ta ce shi kaɗai gare ta, ta gwammace haka a kan kalma ɗaya. Raliatou ta san abin da za a ce mata in ta kai ƙara: wai wannan shi ne girman matsayinta, wai abin da aka fi so shi aka fi jin nauyinsa. Ta sani, ta haddace. Tun da take ba ta taɓa jin haushin samun abu irin na yau ba, kuma hawayen da ke zubo mata na takaici ne, ta share su da bakin mayafi da ƙarfi.

Mai duba tikiti ya iso kujerarta, wani dogon Bature da gilashi. Ya haska na'urarsa a kan talhonta, ya karanta ba tare da ya ko dube ta ba.

"Madame Raliatou Bukari?"

"Ni ce," in ji ta.